Bugaggen Littafi da Littafin Na'ura: Zaɓin Mai Karatu a Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da wayar hannu mai allo ta yawaita a ƙasar Hausa ake muhawara tsakanin malamai da ɗalibai a kan wane ne ya fi dacewa da karatu, littafin da aka buga a takarda ko kuwa wanda ake karantawa a waya da kwamfuta, wato littafin na'ura. Wasu suna ganin kwanan takarda ya ƙare, wasu kuma suna ganin karatun waya ba karatu ba ne. Wannan maƙala za ta duba batun ta fuskar mai karatun da ke zaune a arewacin Jihar Zamfara, wato ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da garuruwa irin su Birnin Tsaba. An zaɓi wannan yanki ne domin abubuwan da suka same shi a 'yan shekarun nan sun jarraba nau'o'in littafin biyu, sun kuma fito da ƙarfin kowanne da rauninsa. Abin da za a nuna shi ne cewa zaɓin ya rataya a kan abu biyu, wato irin karatun da ake nufin yi, da kuma abubuwan da littafin yake dogara da su kafin ya buɗu a gaban mai shi.

2.0 Yadda Littafi Ya Iso Yankin

Littafi ya riga injin ɗab'i zuwa ƙasar Zamfara da ƙarnoni. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a Zamfara kafin jihadin da ya soma a 1804, kuma garin Ƙaura Namoda kansa ya samo sunansa ne daga Namoda, ɗaya daga cikin jagororin Alibawa na wannan zamani. Littafin wancan lokaci rubutun hannu ne. Ana rubuta shi da alƙalamin kara da tawada a kan takardar da fatake ke kawowa ta hamada, galibi ƙirar Italiya mai alamar jinjirin wata uku. Ba a ɗinke warƙoƙinsa, sai a haɗa su cikin tadarishi a sa a gafaka. Almajirin da ke son littafi sai ya ara ya kwafa, ko ya biya wani ya kwafa masa, sa'an nan ya kai gaban malami ya karanta, ana yi masa gyara da fassara.

Bugaggen littafin boko kuwa daga Zariya ya fi fitowa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East, kuma gasar da ta shirya a wannan shekara ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarar 1929 ɗin ce kuma hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙaura Namoda, inda ta tuƙe. Saboda haka hanyar da ta riƙa kwashe gyaɗa da auduga daga yankin ita ce ta haɗa shi da garin da ake buga littattafan Hausa. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu, wadda ta lardin Sakkwato ita ce Zaruma. Bayan rushewar NORLA a 1959 sai kamfanin NNPC ya ɗauki aikin daga 1966.

Abin lura a nan shi ne, zuwan ɗab'i bai kashe rubutun hannu ba. Makarantun allo sun ci gaba da aikinsu, kuma masu ɗab'i a Kano da Zariya sun koma ɗaukar hoton rubutun hannun gwanaye, irin su Sharif Bala na Gabari a Kano, suna bugawa, domin idon almajirin ƙasar Hausa ya saba da wannan hannu da ruwayar Warshu. Wato an raba aiki ne tsakanin tsohon nau'i da sabo, kowanne ya kama inda ya fi amfani.

Zango na gaba ya zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka fara buga littattafansu da kansu, abin da aka sa wa suna adabin kasuwar Kano. Waɗannan ƙananan littattafai sun shiga kasuwannin ƙauye, sun kuma haifar da shagunan hayar littafi, inda mai karatu, musamman matan aure da 'yan mata, zai biya kuɗi kaɗan ya karanta ya mayar. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, kuma da wayoyi masu allo suka yi araha sai mafi yawan marubutan ƙagaggun labarai suka koma sakin labaransu kashi kashi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Wannan shi ne ya durƙusar da kasuwar haya da ta bugun ƙananan littattafai.

3.0 Abin da Ake Nufi da Littafin Na'ura

Kalmar littafin na'ura ta ƙunshi abubuwa daban daban waɗanda ya kamata a rarrabe, domin rashin rarrabewar yana cikin abin da ke dagula muhawarar. A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka fara tara littattafai a kwamfuta da shirin Gutenberg a 1971, aka kuma fito da na'urar Kindle a 2007, idan an ce littafin na'ura ana nufin wanda kamfanin ɗab'i ya tace ya sayar, a karanta shi a na'urar da aka ƙera musamman domin karatu. A Shinkafi ko Zurmi kuwa da wuya a ga irin wannan na'ura. Wayar da ake kira da ita, ake ciniki da ita, ita ce ake karatu da ita, kuma abin da ake karantawa ya kasu kashi uku.

Na farko shi ne hoton bugaggen littafi, wanda aka ɗauka shafi shafi aka mayar da shi PDF. Wannan yana riƙe da lambar shafi da kamannin asali, amma sau da yawa ba a iya neman kalma a cikinsa, kuma rubutunsa yakan yi ƙanana a allon waya. Na biyu shi ne rubutun da aka shigar cikin manhaja, kamar Maktaba Shamila da malaman addini ke amfani da ita, wadda ta tara dubban littattafan Larabci, ko ƙamusun Bargery na 1934 da aka ɗora a intanet. Na uku shi ne labarin da aka rubuta shi a waya tun asali, ake tura shi daga hannu zuwa hannu, ba tare da ya taɓa ganin takarda ba.

Akwai kuma wani rabo da ya fi wannan muhimmanci ga mutumin karkara, wato bambanci tsakanin littafin da aka sauke ya zauna a cikin waya, da wanda sai an hau intanet ake ganinsa. Na farkon yana hannun mai shi muddin wayar tana da caji. Na biyun kuwa aro ne, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu, saboda rikicin haƙƙin mallaka. A Nijeriya ma dandalin OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013, marubutan Hausa da dama kuma suka sayar da labaransu a kansa, ya rufe a 2023.

4.0 Fahimta da Riƙe Karatu

An yi bincike mai yawa a kan ko allo da takarda suna ba da fahimta iri ɗaya. A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 54 da aka yi tsakanin 2000 da 2017, waɗanda suka shafi masu karatu fiye da 170,000. Sun tarar cewa takarda ta ɗara allo wajen fahimta, ko da yake tazarar ba babba ba ce. Tazarar ta fi bayyana idan rubutun na bayani ne, irin na ilimi, da kuma idan an ƙayyade wa mai karatu lokaci. Idan labari ne zalla, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A 2019 masana fiye da ɗari suka sa hannu a kan Sanarwar Stavanger, inda suka ja hankalin masu tsara ilimi da kada a yi gaggawar kawar da takarda daga makarantu.

Dalilan da ake bayarwa ba baƙi ba ne ga wanda ya san karatun zaure. Mai riƙe da littafi yana sanin inda yake a cikinsa da hannunsa da idonsa, yana tuna cewa mas'ala kaza tana saman shafin dama, kusa da ƙarshen babi. Yana rubuta ta'aliki a gefe, ya koma baya ya gwama. Rubutun da ake ja da yatsa yana gangarawa ba shi da wannan tsayayyen wuri. Bugu da ƙari, wayar da ake karatun da ita ita ce saƙonni ke shigowa ta cikinta, kuma hannun da ya saba da leƙawa ya wuce yakan ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta kan littafin nahawu.

Wannan sakamako ya yi daidai da abin da masu karatun Hausa suka zaɓa da kansu. Labaran soyayya da na jarumtaka su ne suka fara ƙaura zuwa waya, aka kuma karɓe su hannu bibbiyu. Littattafan da ake karantawa a gaban malami kuwa, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, har yanzu bugaggunsu ne ake shimfiɗawa a zaure, ko da malamin yana da Shamila a wayarsa domin bincike.

5.0 Abin da Kowanne Ya Dogara da Shi

Bugaggen littafi yana bukatar kuɗi da hanya kafin ya iso, amma da zarar ya iso ba ya bukatar kome sai haske. Tsadarsa ta ƙaru ƙwarai, domin masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasa, mafi yawan takardar ɗab'i daga waje ake sayo ta, darajar naira kuma ta faɗi sosai daga 2023. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko malamin sakandare a Zurmi da ke karatun digiri na biyu a Sakkwato, zai yi wuya ya iya sayen duk littattafan da ake bukata, wasunsu ma an daina buga su. A nan littafin na'ura ya yi rana, domin shi ne ya kawo wa irin wannan ɗalibi mujallu da kundaye da ƙamusoshin da a da sai ya yi tafiya zuwa Kano ko Zariya zai gan su. Hukumar UNESCO ta nuna irin wannan amfani a rahoton da ta fitar a 2014 kan karatu ta waya a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijeriya.

Sai dai littafin na'ura yana da bukatunsa na kullum, wato waya mai lafiya da caji da sabis da kuɗin data. A ƙauyuka da yawa na yankin, wurin mai caji ake kai waya, shi kuma da janareta ko farantin sola yake aiki. Abin da ya faru a 2021 ya nuna iyakar wannan dogaro. Bayan sace 'yan makaranta a Jangebe a watan Fabrairu, da na Kaya ta ƙasar Maradun a ranar 1 ga Satumba, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, a wajen wannan lokaci kuma aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da man fetur a jarka. Daga ranar 3 ga Satumba kuma aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar domin taimaka wa aikin jami'an tsaro. An maido wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da zama haka nan har wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci duk littafin da ke kan intanet ya rufu ga mutumin Birnin Tsaba. Wanda ya riga ya sauke nasa yana iya karantawa idan ya sami caji, yana kuma iya tura wa maƙwabcinsa ta Bluetooth ko ta katin ajiya. Wanda ke da bugagge kuwa bai rasa kome ba ta wannan fuska.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Rashin tsaron da ya jawo katse sadarwa shi ne kuma ya tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi, aka ƙone gidaje da rumbuna. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar akwatin littattafai, amma waya tana aljihu, katin ajiya kuma bai kai girman farce ba. Ko babu tashin hankali, takarda tana da abokan gaba na dindindin, wato gara da ɓera da yoyon damina da gobarar hunturu. Rubutun hannun da ya zama kwafi ɗaya tak a gidan malamai, idan ya ƙone ya tafi ke nan. Saboda haka ne ɗaukar hoton irin waɗannan takardu, kamar yadda ake yi a Gidan Arewa da ke Kaduna, da aikin da Jami'ar Boston ta yi a kan rubuce-rubucen ajami, ya zama babbar hidima, kuma gidajen malamai na arewacin Zamfara suna cikin masu tsananin bukatarta.

6.0 Matsalar Harshe da Ingancin Matani

Akwai wata fuska da ta shafi masana harshe kai tsaye. Bugaggen littafin da ya fito daga Kamfanin Gaskiya ko NNPC ya bi ta hannun edita, an daidaita ƙa'idojin rubutunsa, kuma daga irinsa ne ɗalibai suka koyi raba kalma da haɗa ta. Mafi yawan labaran waya ba su bi ta wannan hanya ba. Ana yawan zubar da haruffa masu lanƙwasa, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, ɓata ta koma bata, ga kuma haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba, kamar a rubuta yace a maimakon ya ce. Yaron da mafi yawan Hausar da yake gani a rubuce ta waya ce, da wannan kama zai shiga aji. Laifin ba na na'ura ba ne, domin wayoyin zamani suna da waɗannan haruffa. Rashin tacewa ne ya kawo shi. Ta wani gefen kuma, wannan sakin fuska ya ba karin harshen Zamfara da na Sakkwato damar bayyana a rubuce fiye da yadda ɗab'i ya taɓa ba su, wanda kuwa abin nazari ne mai daraja ga mai binciken karin harshe.

Ga mai neman babban digiri, matsalar ta fi tsanani a wajen kafa hujja. Labarin da ya zagaya a WhatsApp yakan rasa shekara da lambar shafi, wani lokaci har da sunan marubuci, kuma ana iya samun kwafi biyu da suka saɓa wa juna domin wani ya yanke ko ya ƙara. Ta wannan fuska littafin waya ya koma kama da rubutun hannu na da, wanda ake kwafa daga hannu zuwa hannu. Bambancin shi ne, magabata sun yi wa kwafi ƙa'ida. Mai kwafa yakan rubuta sunansa a ƙarshe, a gwama kwafin da asalinsa, malami kuma ya ba da izini bayan an karanta a gabansa. Ya kamata manazarcin yau ya ɗauki darasi daga nan, ya rubuta inda ya samo matani da ranar da ya sauke shi, ya adana kwafinsa, ya kuma gwama shi da bugagge idan akwai. Daɗin daɗawa, yaɗa hoton littafin da marubucinsa ke raye ba da izininsa ba tauye haƙƙi ne, kuma yana cikin abin da ke sa kamfanonin ɗab'i ja da baya daga buga littattafan Hausa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ma'auni mai sauƙi. Littafin da za a zauna da shi, a maimaita, a yi jarrabawa a kansa ko a karantar da shi, kamar na nahawu da fiƙihu da na koyon karatun yara, bugagge ya fi dacewa da shi, kuma a kansa ya kamata makaranta ta kashe ɗan kuɗin da take da shi. Littafin da ake leƙawa domin neman kalma ko mas'ala, da mujallun ilimi, da wanda aka daina bugawa, da labaran nishaɗi, na'ura ta fi sauƙaƙa su. Wanda ya zaɓi na'ura a yanki irin wannan, lalle ne ya sauke littattafansa ya ajiye kwafi a wuri na biyu, domin abin da ya faru a 2021 yana iya maimaituwa. Wanda kuma ya gaji takardun da babu irinsu, ya kamata a taimaka masa a ɗauki hotonsu tun suna nan. Ɗakunan karatu na manyan makarantun jihar, da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato, su ne suka fi cancanta su jagoranci waɗannan ayyuka biyu, su kuma tara labaran wayar da ake rubutawa a yau tare da sunayen marubutansu da shekarunsu, domin masu nazarin adabin wannan zamani su sami abin da za su dogara da shi nan gaba.